Gonar Kofur Uwaisu

Talata, 10 ga Yuli, 1984, bayan la'asar

Ruwa: babu.

Littafin awon ruwan sama ne wannan. Shekara ashirin da biyu na yi ina malamin gona a Ɗambatta, ko da aka rage mu daga aiki a watan Afrilu ban daina cika shi ba, hannu ya riga ya saba. Ban taɓa sa komai a ciki ba sai rana da milimita. Yau zan ƙara wani abu, don ba ni da wanda zan faɗa wa.

An yi sadakar uku ta ƙanena Uwaisu, wanda duk garin nan ke kira Kofur tun da ya dawo daga soja. Mutum goma sha ɗaya suka zo zaure. Gumba ta yi saura, har Fadima matata ta rasa gidan da za ta aika da ita. A shekarar da mutane ke tuƙa dusa su ci, gumba ta yi saura a gidan rasuwa.

Ranar Lahadi Liman ya aiko cewa ƙafarsa ta kumbura, ba zai iya tsayawa ba. Ni na shiga gaba na sallaci ɗan uwana. Da yamma na hango Liman a kan keke, ƙafar tana taka feda lafiya lau.

Alhamis, 12 ga Yuli, hantsi

Ruwa: babu.

Na shiga gaida Zuliha, matar marigayi. Tana takaba, ta bayan asabari muke magana. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Yaya, gonar nan fa lokacin maimai ya yi. In ciyawa ta ci geron ban san abin da zan ba yaran nan huɗu ba. Rumbu babu ko zangarniya tun farin bara."

Na ce ta kwantar da hankalinta, zan kira gayya.

Na fita har bakin gonar in ga yawan aikin. Na tsaya a kan gambar iyaka ta gabas, gefen hanya. Geron ya kai gwiwa, ciyawa ta kusa kamo shi. Can yamma gawon nan yana tsaye. Kowa ya san gawo da damina yake zubar da ganye, ni da bakina na koya wa manoma sau ɗari cewa shi ya sa geron gindinsa ya fi kyau. Amma da na ga komai kore, shi kaɗai tsirara, sai ƙafata ta ƙi ɗaguwa. A can na sami gawar Uwaisu ranar Lahadi da safe.

Na juyo gida.

Asabar, 14 ga Yuli, azahar

Ruwa: babu.

Yau ce ranar gayya. Fadima ta dama kunu tulu guda da ɗan geron da ya rage mana. Ba wanda ya zo. Wannan matarsa ba lafiya, wancan ya yi baƙi, mutum biyar kuma wai fartanyarsu tana maƙera, duk rana ɗaya. Munafukai.

To amma ni da nake zaginsu a zaure nake zaune. Ban fi su ba.

Lahadi, 15 ga Yuli, magariba

Ruwa: milimita shida. Ciyawa ce za ta shanye.

Talata, 17 ga Yuli, bayan azahar

Ruwa: babu.

Na karanta abin da na rubuta, na ga sai kewaye-kewaye nake yi. Uwaisu da hannunsa ya ɗauki ransa. To, ga shi na rubuta. Allah ya gafarta masa, ya gafarta min.

Shekara uku ya yi a yaƙin basasa, ya dawo da kafaɗar dama a shanye, ya koma noma da hagu. Bai taɓa ba mu labarin can ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ba ya barci, wannan kowa ya sani. Abin da yake haɗa mu faɗa shi ne jam'in asuba. Da damina sai a yi wata guda ba a gan shi a masallaci ba. Na sha faɗa masa a gaban mutane cewa soja ta lalata shi. Mutumin da ba ya barci, me zai hana shi sahu in ba taurin kai ba? Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Yaya."

Ranar Asabar ta ƙarshe da ya yi a duniya, bayan magariba, ya zo zaurena ya zauna. Ina fama da rediyo, tasha tana ƙin kamuwa. Ya daɗe a zaune, sannan ya ce, "Yaya, kana da lokaci?" Na ce, "Bari in ji labarai, gobe ma yi magana." Ya ce to. Ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita, bai sa ba.

Alhamis, 19 ga Yuli, da safe

Ruwa: milimita huɗu, jiya da yamma.

An nome kunya tara a gonar Uwaisu, daga iyakar gabas.

Na tsuguna a kan gamba na leƙa. Aikin sabo ne, ƙasar ba ta ma sha iska ba. Na ɗan yi murna, na ce ashe akwai mai tsoron Allah a garin nan. Sai na duba saran.

Kowane manomi da hannunsa, ni kuwa aikina ke nan, in kalli kunya in faɗi wanda ya nome ta. Mai dama gefe ɗaya yake zubar da ƙasa. Wannan ta ɗaya gefen ta zuba, kowane sara gajere, a karkace. An tattara ciyawar an jera ta a ƙarshen kowace kunya, saiwa sama, a layi kamar masu fareti. Mutum ɗaya ke yin haka a garin nan.

Ban faɗa wa kowa ba.

Juma'a, 20 ga Yuli, bayan an sauko daga masallaci

Ruwa: babu. Kunya goma sha bakwai yanzu.

Na tambayi Zuliha, kamar ba da wata manufa ba, ina fartanyar maigidan in ara. Fartanya ce ta daban, shi ya sa aka sassaƙa mata ƙota a lanƙwashe don hannun hagu. Ta ce, "Ai ba ta gidan nan, Yaya. Tun ranar na neme ta. Na zaci kai ka ɗauke ta a can."

Ban ɗauka ba. Ba ta can ranar. Na tabbata, don duk abin da ke wurin har yanzu ina ganinsa.

Lahadi, 22 ga Yuli, da safe

Ruwa: babu. Kunya talatin da ɗaya. Ni ban yarda da fatalwa ba.

Litinin, 23 ga Yuli, la'asar

Ruwa: babu.

Magana ta fita. Masu bin hanyar Minjibir sun ga noman, su ma suna da ido. A bakin rijiya ana cewa ƙasa ce ta ƙi Kofur, tun da Liman bai sallace shi ba, shi ya sa yake tashi ya koma aikinsa. Mutane sun daina bin hanyar, sai su zagaya ta fadama. Wani har ya rantse ya gan shi da kakin soja, mutumin da ko akuyarsa ba ya ganewa da rana tsaka.

Zuliha ta aiko a kira ni. Ta ce, "Yaya, gaskiya ne abin da ake faɗa?" Na ce maganar banza ce. Ta ce, "Kai ka san noma. Hannunsa ne?"

Na shiga kame-kame.

Ta ce, "To ka ji, wallahi ko zangarniya ɗaya ba za ta shigo gidan nan ba. Gara mu ci tafasa har baɗi da in ba 'ya'yansa abin da ya noma daga kabari." Na ce ta ji tsoron Allah, yunwa ba wasa ba ce. Ta ce, "Na fi ka saninta."

Laraba, 25 ga Yuli, hantsi

Ruwa: babu.

Mai unguwa ya kira ni ƙofar gidansa. Liman yana gefe a kan buzu. Sun riga sun yanke: ranar Litinin a saki shanun Fulani su cinye geron, a sare gawon, a yi addu'a, a bar gonar ta kwanta. Mai unguwa ya ce, "Hankalin gari ya tashi, Malam Dallatu. Mata ba sa zuwa itace ta wajen."

Na ce geron da ya fara ɗaukar ciki, a shekarar da ruwa bai kai rabin na kullum ba, shi za ku ba shanu? Marayu huɗu fa? Ya ce, "To kawo mana mai noman. In mutum ne, shi ke nan, magana ta mutu."

Na juya na ce da Liman da ya daure ya tsaya minti biyar ranar Lahadin nan da duk wannan bai taso ba. Idonsa ya kawo ruwa, abin da ban zata ba, ya kuma ɓata min rai fiye da a ce ya zage ni.

Alhamis, 26 ga Yuli, bayan fitowar rana

Ruwa: babu.

Na lura masu sammakon gona ba su taɓa ganin kowa a wurin ba. Ke nan kafin mu fito daga masallaci ake gamawa. Da aka kira asuba na yi sallata a gida, na fita.

Gari bai gama wayewa ba. Ina isa gamba na ji shi. Kaf, kaf, kaf, sai a tsaya. Kaf, kaf, kaf. Can cikin geron, ba na ganin kowa, kawunan geron ne kawai ke motsi a wuri ɗaya, babu iska. Sai aka yi tari.

Ni Dallatu, da furfurata, na bar takalmi ɗaya a hanya.

Ni ban yarda da fatalwa ba.

Juma'a, 27 ga Yuli, hantsi

Ruwa: milimita goma sha ɗaya, jiya bayan la'asar. Alhamdu lillahi.

Na koma. Ba jarunta ce ta kai ni ba. Tunani na yi, in shi ne, ai ya taɓa zuwa wurina na ce gobe. Ba zan yi masa sau biyu ba.

Na tsallake gambar. Kwana goma sha tara ban taka ƙasar nan ba. Raɓa ta jiƙa ni har ƙirji. Na bi sautin kunya bayan kunya, sai ga mutum a duƙe, ya ba ni baya, yana sara da hagu. Da ƙyar na ce, "Uwaisu."

Mutumin ya saki fartanya ya zabura yana kiran sunan Yesu. Shago ne, dattijon nan na unguwar Maguzawa ta ƙetaren rafi, waɗanda yanzu yawancinsu suna zuwa coci. Ya haura sittin, ɗansa tilo ya tafi Legas bai dawo ba. Muka tsaya muna kallon juna. Ya dafe ƙirji ya ce, "Haba Malamin gona, ka kusa kashe ni."

Bayansa Iya Luba ce mai ƙosai zaune a ƙasa, tsohuwar da mijinta ya rasu shekara goma ke nan. Tana tsince ciyawa tana jerawa, saiwa sama. Don in ɓoye kunyata na ɗaure fuska na ce, "Me kuke yi a gonar mutane?" Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Me ka ga muna yi?"

Shago ya zauna ya ba ni labari, zan rubuta yadda ya faɗa. Ya ce, "Shekara takwas ke nan, daminar da ƙugu ya kama ni, ina kwance ciyawa ta rufe min dawa. Wata safiya na rarrafa na je, na tarar an nome. Washegari ma haka. Lokacin ban shiga coci ba, na ce iskokin gonar ubana ne suka tuna da ni. Damina biyu ina yanka musu jan zakara, Malam. A ta uku na laɓe a cikin dawa, na kama Kofur. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba. Na ce me ya sa kake yi? Ya ce in yana sara ba ya jin su. Na ce su wa? Ya ci gaba da nomansa."

Iya Luba ta ce, "Tawa ma haka, tun da malam ya rasu. Da ta Dabo makaho. Da wasu da ban sani ba. In an kira salla a bakin gonata yake yi, a kan buhu, na sha leƙo shi." Sai a lokacin ta dube ni. "Ina suya ranar da kake masa faɗa a ƙofar masallaci. Na so in yi magana, na tuna ya roƙe ni."

Na tambayi fartanyar. Shago ya ce, "Ranar Asabar ɗin da la'asar ya kawo min, ya ce in riƙe masa. Na ce gobe ba ka zuwa gona? Ya yi dariya. Ni kuma wawa na karɓa na tura ƙarƙashin rumbu." Ƙotar ba ta riƙuwa da dama, dole ya koyi hagu. Na ce ina taka fartanyar? Ya ce, "Da wannan ya nome tawa."

Na ce to me ya sa a ɓoye, kun tayar wa gari hankali? Ya ce, "In shiga gonar Musulmi mamaci da rana, gobe a ce asiri nake binnewa, ko gonar nake so. Kuma shi haka yake yi, lokacin da kuke masallaci. Ban san wata hanyar ba."

Na zauna a kan kunya na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Iya Luba ba ta ba ni haƙuri ba, ta ci gaba da jera ciyawarta.

Asabar, 28 ga Yuli, la'asar

Ruwa: babu.

Shago ya zo ƙofar mai unguwa da rana tsaka, fartanya a kafaɗa. Ya yi sara uku a ƙasa, kowa ya ga inda ƙasar ta zuba. An fasa maganar shanu. Da Dabo makaho ya ji sunansa a cikin labarin sai ya kama salati, ashe shekara shida yana sa wa 'ya'yan ƙanensa albarka a kan aikin da ba su yi ba, su kuma suna cewa amin. Mutum takwas sun ce gobe za su shiga su ƙarasa.

Na je na faɗa wa Zuliha komai. Da na gama ta ce, "Shi ya sa kullum rigarsa a jiƙe da safe. Na zaci zufar mafarki ce."

Ta tambaya ko an gama. Na ce saura kaɗan a tsakiya, sai gindin gawo, kunya wajen ashirin. Shago ya ce can ba zai iya ba, masu gayyar ma sun ce ban da can.

Ta ce, "Kai fa, Yaya?"

Na fara laluben takalmina.

Ta ce, "In ɗan uwansa ba zai iya tsayawa a wurin ba, ni ta yaya zan tuƙa abin da ya fito a gonar in ba yara? Ba don in ɓata maka na faɗa ba."

Lahadi, 29 ga Yuli, magariba

Ruwa: babu. Masu gayya sun gama tsakiya. Na karɓo fartanyar daga Shago, tana jingine a zaure ina kallonta.

Litinin, 30 ga Yuli, bayan la'asar

Ruwa: babu tukuna, amma hadari ya haɗo gabas.

A sallar asuba Liman ya ambaci sunan Uwaisu a addu'a, karo na farko. Daga masallaci gonar na wuce.

Na zagaya ta yamma don in faro daga iyaka, kaina a ƙasa, ban yarda na kalli rassan ba. Ciyawa har ƙugu a gindin gawon. Amma daga iyakar an riga an nome kunya bakwai, ta takwas an kai rabi. Tsohon aiki ne, ƙasar ta daskare, ciyawar da aka jera ta bushe ta yi baƙi. Nasa ne, na ranar Asabar. Daga hanya ba a hango wurin, shi ya sa ba wanda ya sani. Uwaisu da tun da yake bai taɓa barin kunya rabi ya tafi ba, ko da ana ruwa da ƙanƙara.

Saransa na ƙarshe yana nan. Sati uku ke nan, ruwa ya sauka sau uku, ya kamata a ce ciyawa ta koma. Ba ta koma ba, ko tsiro ɗaya. Ba ni da bayani, ba kuma zan nema ba.

Na sa bakin fartanyar a inda ya tsaya na ci gaba. Noma da hagu azaba ce, kafin hantsi tafin hannuna ya fashe. Sau biyu na ji kamar akwai mai numfashi a kunyar da ke kusa da ni, ban waiwaya ba, ban kuma tsaya ba. Da na kai ƙarshe, wajen azahar, na ɗaga kai na kalli gawon. Kurciya ce biyu a kai. Geron wurin kuwa, duk da ciyawar da ya sha, ya fi na ko'ina kauri.

Na wanke hannu na shiga wurin Zuliha. Na ce an gama.

Ta ce, "Wa ya nome?"

Na ce, "Shi ya fara ranar Asabar, kunya bakwai da rabi. Ni na ƙarasa."

Ta ce, "Rabi? Ya bar kunya rabi?"

Na ce ya bari.

Asabarin ya ɗan motsa. Can ta ce, a hankali, "Ashe ya gaji ƙwarai."

Na miƙe zan fita, ta ce, "Yaya. In geron ya nuna a kawo gida. Na gindin gawon a ware min daban, shi za mu ajiye iri."